Hagu Na Ce Masa

Kafin in koma safarar tufafi tsakanin Guangzhou da Kano, mai hoto ne ni, kuma ba irin na yanzu ba da kowa zai ɗaga waya ya ce a yi murmushi. A wurin wani dattijo na koyi sana'ar, a ɗan shagonsa da ke Fagge, da kyamarar katako mai ƙafa uku wadda sai ka lulluɓe kanka da baƙin ƙyalle kafin ka ga abin da take gani. A bayan irin wannan kyamara akwai wani gilashi mai hazo, a kansa hoton yake bayyana, amma a kife. Kan mutum a ƙasa, ƙafarsa a sama, abin da ke dama ya koma hagu.

Da farko abin ya riƙa rikita ni. Ina so in ce wa mai zaman hoto ya matsa gefe, sai in tsaya ina lissafin hannuwa kamar mai koyon alwala. Maigidana ya gaji da ni, ya ce in daina wahalar da ƙwaƙwalwata. Wanda ya zo hoto fuskantarka yake yi, saboda haka hagunsa ya riga ya juye sau ɗaya, gilashi kuma ya sake juya shi, ya dawo daidai. Abin da ka gani a gilashi shi za ka faɗa. In kana so ya matsa hagun gilashi, ka ce masa hagu, shi ke nan. Na yi shekaru ina haka har bakina ya riƙa faɗa ba tare da ya nemi izinina ba. Sai wayoyi suka zo suka cinye sana'ar, na rufe shago, wani ɗan'uwa ya jawo ni harkar kaya.

A Guangzhou na san Alhaji. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni da kusan shekara goma, ƙato, mai tafiyar ƙasaita, wanda in ya shiga lifta sai 'yan China su ɗan matsa su kalli sama. Ya fi ni daɗewa a garin nesa ba kusa ba. Shi ya nuna mini wane hawa ne a kasuwar Canaan ake samun rigunan da ba sa sakin launi, shi ya koya mini cewa in mai shago ya ce meyo, wato babu, ba a tafiya, zama ake yi a sha shayi har akwai ta fito daga sito. Tun ranar da ya ji tarihina bai sake kirana da sunana ba, sai mai hoto.

A wata tafiya, muna jiran a ba mu ranar loda kwantena da za ta tafi tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ruwan sama ya kora ni cikin wani dogon gini da ake sayar da tsofaffin kyamarori. A wani lungu na gan ta, ta katako, da zugazuginta baƙi kamar na maƙera, ta fi ta maigidana girma da kyau. Tsohon da ke da shagon ya ga yadda na buɗe ta ba tare da na tambaye shi ba, ya yi dariya ya miƙo mini ƙyalle. Ina shiga ƙarƙashinsa na ga mutanen cikin ginin suna tafiya da ka, sai na ji hawaye na neman kunyata ni a gaban baƙo. Na saye ta, da ƙafarta, da kwalin fim mai falle goma, wanda kowane falle ya kai tafin hannuna faɗi, kuma kowane falle hoto ɗaya ne tak. Da rana tsaka na kulle kaina a banɗakin otal, wanda ba shi da taga, na toshe ƙasan ƙofa da tawul, na zura fim ɗin da lalube cikin gidajensa da ake sakawa a bayan kyamara. Alhaji ya ce bai taɓa ganin wanda ya zo China sayen kayan zamani ya koma da kakar kyamara ba.

Direban da ke kwasar mana dila daga kasuwa zuwa sito shi ya kawo zancen wurin. Mutum ne siriri, mai yawan shan taba, bai kai ni shekaru ba. Ya ga kyamarar, ya zaro waya ya nuna mini hoton wani tsohon wurin haƙar kwal a can cikin tsaunukan ƙauyensu, arewa da birni, inda mahaifinsa ya yi aiki kafin a rufe. Wata doguwar hasumiyar ƙarfe ce da tsatsa ta cinye, ciyayi sun naɗe ta har wuya, a gefenta gidajen ma'aikata babu rufi.

Ni a Bukuru aka haife ni. Mahaifina leburan kuza ne, kuma na tashi cikin ramukan da kamfanoni suka haƙa suka tafi suka bari, ruwa ya cika su ya yi kore, ya kwanta lamo. Mahaifiyata ba ta taɓa dukana a kan ƙarya ko satar nama a tukunya ba, amma ranar da aka ce an gan ni a bakin ramin kuza ta yi mini dukan da har yau in hadari ya haɗu nake tunawa. Tsoron rami a jinina yake. Duk da haka, ko kuma saboda haka, ina ganin hoton nan a wayar direba na ji ina so in je in tsaya a gabansa da kyamara. Alhaji ya ce ba zai bar ni in shiga daji da Sinancina na kalma biyar ba, kada a sayar da ni ina cewa na gode.

Mun fita bayan asuba, muka yi awa uku da wani abu a hanya. Daga inda kwalta ta ƙare muka taka da ƙafa ta cikin gora da ayaba, ni da kyamara, direba da ƙafafunta, Alhaji da kansa kawai, shi ma ya ishe shi kaya. Zafin wurin mai laima ne, riga ta manne da jiki, ƙwari kuma suna wata ƙara a cikin bishiyoyi ba ƙaƙƙautawa. Babu kowa, ko kare babu.

Kafin mu yi komai direban ya ja mu ya nuna mana wani wuri a gaban hasumiyar. In ba a nuna maka ba, cewa za ka yi fili ne da yaɗo ya rufe. Ya ɗaga ganyen da sanda, sai ga tsofaffin katakai a jere a kan wasu dogayen ƙarafa biyu, faɗinsu ya kai ɗan ƙaramin ɗaki. Ramin shan iska ne na masu aiki a ƙasa. Ya ɗauki dutse ya zura ta wata kafa, ya ɗaga yatsa mu saurara. Muka yi ta jira. Har na ɗauka dutsen ya maƙale, sannan muka ji ya faɗa ruwa can ƙasa, ƙarar 'yar ƙarama. Direba ya yi mana alama da hannu biyu cewa nan ba a takawa, Alhaji ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa. Wannan nake so a riƙe: mu ukun duka mun san inda ramin yake.

Na koma baya kamar taku talatin na kafa kyamara. Na shiga ƙyalle, na ja zugazugi har hasumiyar ta fito tas, a rataye daga saman gilashi. Ta yi kyau ƙwarai, amma babu abin da zai nuna girmanta. Hoton wuri irin wannan yana son mutum a tsaye a ciki. Na fito na roƙi Alhaji.

Ya ce a'a. Shi ba ya ba da fuskarsa ga hoto sai na fasfo, wanda dole ce ta sa. Haka malaminsa ya tarbiyyantar da su, kuma ba zai sauya a tsufansa don kakar kyamara ba. Na yi ta lallashi. Daga ƙarshe ya ce to, zai tsaya, amma zai juya baya ya kalli hasumiyar, baya ai ba fuska ba ne. Na ce hakan ma ya fi kyau, kuma da gaske nake, don farar rigarsa a gaban baƙin ƙarfen nan abin kallo ce. Ya tafi ya tsaya a kan tsandauri, ramin yana hagunsa da kamar taku uku. Ya haɗa hannuwa a baya kamar mai duba gonarsa.

Na koma cikin ƙyalle. A ciki duniya takan yi nisa, ba ka jin komai sai numfashinka, gumi yana zuba a ido. Ga Alhaji ɗan ƙarami a kife, ga kuma duhun ganyen da ke kan ramin a damar gilashi, kusa da shi fiye da yadda raina yake so. Na ce bari in nisanta shi kaɗan, hankalina ya kwanta. Ramin yana damar gilashi, saboda haka bakina ya yi abin da ya saba.

"Alhaji, matsa hagu kaɗan."

Ya ɗan yi jim, sannan ya matsa. A gilashi sai na ga ya tafi dama, wajen ramin, taku biyu. Abin da ya zo mini shi ne bai ji ni da kyau ba, ko kuma ya rikice. Ko kaɗan ban kawo cewa ni ne ba. Na ɗaga murya daga cikin ƙyallen, muryar da ban san ina da ita ba.

"Hagu na ce, Alhaji! Hagu, maza!"

Ya yi wani babban taku, ya ƙara wani, da saurin da ban taɓa ganin ya yi ba. Sai na ji ƙarar katako ya karye.

Na fizge ƙyallen. Hasken ya kashe mini ido na ɗan lokaci, da ya washe sai ga duniya a miƙe, ga ramin a hagu, inda yake tun farko, ga Alhaji a tsakiyarsa. Ƙafarsa ta hagu ta burma har cinya, ta dama a lanƙwashe a ƙarƙashinsa, ya dafa katako da hannu biyu. Bayansa nake gani. A wannan daƙiƙar na gane abin da na yi, gaba ɗaya, ba saura. Duk mutanen da na taɓa ce wa hagu ko dama a rayuwata fuskantata suke yi. Wannan ne na farko da ya juya mini baya.

Takalminsa ya zame daga ƙafar da ke rataye. Mu duka muka ji shi yana bugun bango yana sauka, ya yi shiru, sannan ruwa ya karɓe shi.

Na yi tsoro a rayuwata. Na taɓa kasancewa cikin motar da birki ya tsinke a gangare, an taɓa tare mu a hanya. Amma wancan tsoron kaina nake ji wa, kuma yana zuwa da ƙarfi, yana sa ka gudu. Wannan kuwa zare mini ƙashi ya yi. Na tsaya riƙe da ƙyalle ina kallo. Kuma tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya, bari in faɗi wadda ta fi muni: cikin abubuwan da suka fara gilma mini a rai har da 'yan sanda, da fasfona, da yadda zan yi bayanin abin da baƙi biyu suka zo yi a tsohon ramin kwal. Mutum yana rataye a kan mutuwa saboda bakina, ni ina tunanin biza. Bayan haka ne Maraɗi ta zo mini, gidan da ban taɓa zuwa ba, da wanda zan fara kira a waya, da abin da zan ce.

Na yunƙura zan ruga wurinsa, direba ya cafke mini riga ta baya ya yi mini tsawa da yarensa. Ban ji kalmar ba amma na gane: katakon da ya kasa ɗaukar mutum ɗaya ba zai ɗauki biyu ba. Ya yi wa Alhaji magana a hankali, Alhaji ya amsa masa da kalma ɗaya ba tare da ya waiwayo ba. Sai direban ya juya ya zura da gudu ta cikin gora, wajen mota.

Aka bar ni da bayan Alhaji. Na matsa har bakin ganyen na durƙusa. Tsakanina da shi bai fi taku huɗu ba. Ina ganin gumi yana jiƙa rigar daga wuya yana sauka, ina ganin yatsunsa a kan katakon da ya yi baƙi don ruɓa. Wani sanyi yana fitowa daga ramin, mai warin laka, yana taɓa mini fuska. Kowane numfashi ya ja, katakon sai ya yi ɗan kuka. Yana karanta wani abu ƙasa-ƙasa, na kasa kunne na ji kalmar shahada ce, yana maimaitawa ba gaggawa.

Can ya ce, "Mai hoto, kana nan?"

Na ce ina nan.

"To ka zamna nan. Kada ka taho."

Ban san tsawon lokacin da direban ya ɗauka ba. Agogo zai ce minti goma, ni ban yarda ba. Ya dawo da shuɗiyar igiyar nan mai faɗi da muke ɗaure dila da ita, ya yi mata zarge, ya jefa. Ta faɗi gefe. Ya sake, ta bugi kafaɗar Alhaji ta zame, katako ya yi ƙara har na rufe ido. Alhaji ba zai iya sakin hannu ya cafke ba, ba zai iya juyowa ba. Ana bukatar doguwar sanda da za a ɗora masa zargen ta ka. Direba ya waiga yana neman gorar da za mu sara, ba mu da adda. Sai idona ya faɗa kan ƙafar kyamara.

Kyamarar a ɗaure take da wani noti a ƙasa, wanda a ranar lafiya juyi biyar ne. Yatsuna suka ƙi kama shi, gumi yana zamar da su. Na kwantar da abin gaba ɗaya a ƙasa, na take kyamarar da ƙafa na murɗe ƙafafun da ƙarfi har katakon gindinta ya tsage. Na ji gilashin ya yi ƙas. Na zare ƙafafun iya tsawonsu, na haɗe su wuri ɗaya, muka rataya zargen a baki. Na kwanta rub da ciki a bakin ramin, direba ya riƙe mini ƙafafu, na miƙa.

Da nake kwance haka fuskata tana daidai wata kafa tsakanin katako biyu. Ban yi niyyar leƙawa ba. Babu abin gani ma, baƙi ne kawai, amma na ji muryar mahaifiyata kamar tana tsaye a kaina. Zargen yana lilo a saman hular Alhaji. Na sauke shi a hankali ya wuce kai, ya wuce kafaɗa. Direba ya ce wani abu, Alhaji ya ɗaga hannu ɗaya ya zura, ya mayar, ya ɗaga ɗayan. A ɗagawa ta biyun katakon da ke ƙarƙashin hannunsa ya ɓalle ya tafi. Wannan karon ban saurari faɗuwarsa ba.

Muka naɗe ƙarshen igiyar a wani ginshiƙin siminti, muka kama mu biyu. Alhaji ya kwanta da baya sannu-sannu har kafaɗarsa ta sami ɗaya daga cikin dogayen ƙarafan, muka ja. Nauyinsa ya fi ƙarfinmu, igiya ta yanke mini tafin hannu, ban ji ba sai daga baya. Ƙafar ta maƙale, wata ƙusa ta kama ƙwaurin, muka ja duk da haka, ya yi wani nishi da ba zan manta ba. Sai ga shi a kan tsandauri, a kwance, yana kallon sama, wando a yage, jini yana bin ƙafa. Direba ya zauna daɓas ya kunna taba, ashana uku ya karya kafin ta kama. Ni kuwa na koma bayan wata bishiya na amayar da duk abin da na karya da shi.

A wani ɗan asibiti na garin da ke ƙasan tsaunin aka ɗinke masa ƙwauri, aka ce gwiwar ta gurɗe, sai a hankali. A hanyar dawowa ina jira ya tambaye ni me ya sa na ce hagu, bai tambaya ba.

Kwana biyu bayan haka na same shi a gidan abincin da mutanenmu suke taruwa, a wani bene kusa da kasuwa, ya miƙe ƙafa a kan kujera yana ba da labari. Kanawa da 'yan Nijar sun kewaye shi. A labarinsa, shi ne ya taka inda bai kamata ba, mai hoto kuma ya fasa sabuwar kyamararsa da ƙafarsa don ya ciro shi. Aka yi ta sa mini albarka, wani ya ce irin wannan abokin tafiya ake nema. Aka ajiye mini tuwo da miyar kuka, abin da a garin nan nake iya yin tafiyar awa guda don in samu. Na yi loma ɗaya na ture kwanon. Tsoron da na bari a bakin rami ya biyo ni, ya sauya kama: yanzu tsoron ranar da zai gane nake yi, da yadda zai kalle ni.

Ranar lodi na ɗauki kyamarar na tafi da ita sito. Na yi ta shirya bayanin a raina, duk yadda na jera shi sai ya fito kamar mai neman hanyar wanke kansa. Sai na ga gara ya gani da idonsa. Gilashin ya tsage gida uku amma bai zube ba. Na ɗora ta a kan kwali tana kallon ƙofar sito, inda masu lodi suke kai da komo, na ce Alhaji ya daure ya leƙa. Ya yi mini kallon mamaki, ya ɗingiso, ya cire hula, na lulluɓa masa ƙyallen.

Ya daɗe a ciki. Daga ƙarƙashin ƙyallen na ji ya yi 'yar dariya, ya ce mutane suna tafiya da ka. Na ce ya duba wanda ya ɗauki jar dila, ta ina ya nufa. Ya ce dama. Na ce ya fito ya duba. Ya fito, ya ga mutumin yana tafiya hagu. Ya sake shiga, ya sake fitowa. Sai na gaya masa duka, da koyarwar maigidana, da masu zaman hoto da ke fuskantarka, da bayan da ya juya. Na ce ba shi ya taka inda bai kamata ba, ni na aika shi, sau biyu. Na ce ya yafe mini, kuma ya daina gaya wa mutane cewa na cece shi.

Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama. Ya ce:

"Mai hoto, ai na san ramen nan shina haguna. Ina kallon shi da wutsiyar ido."

Na ce to me ya sa ya tafi?

"Da ka ce hagu na farko, na yi mamaki. Amma na ce kai ke cikin ƙyalle, kana ganin abin da ban gani. Da ka ce na biyu, da wagga murya, sai na ɗauka ƙasar da nike bisa ce za ta rufta, ko wani abu ya taho ta bayana. Ni ban ganin bayana. Kai na bar ma shi."

Bai faɗa da zafi ba, da irin muryar da yake gaya mini hawa na nawa ake sayar da wandunan yara ya faɗa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na tsaya ina kallon ƙasa, masu lodi suna wuce mu da dila. Ya dafa kafaɗata ya ce ya yafe, kwana ne bai ƙare ba, in zo mu duba kada su sa kayansa a ƙarƙashin na ƙarfe. Labarin kuwa bai sauya shi ba, har yau yadda ya fara ba da shi haka yake bayarwa, na gaji da gyara masa.

Fim ɗin nan goma suna nan cikin gidajensu, ko ɗaya haske bai taɓa ba. Kyamarar tana saman kabad a Kano, ban gyara ta ba. Iyalina sun lura cewa na daina cewa hagu ko dama, ko mota ake juyawa a ƙofar gida sai in taka in je gaban mai tuƙin in nuna da hannu, suna yi mini dariya, ina barinsu.

Gwiwar Alhaji ba ta koma daidai ba. A Canaan, in lifta ta cika, mukan hau ta matakala, shi a gaba yana jan ƙafar hagu, yana dafa bango, yana tsayawa a kowane hawa ya huta. Ni ina biye, bayansa ya cika mini ido. Wani lokaci in mun kai inda hanya ta rabu biyu tsakanin shaguna, sai ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Mai hoto, ina muka yi?" Ba tsokana ba ce, da gaske yake tambaya, kuma duk inda na ce nan zai bi. Ni kuwa sai in matsa in wuce gabansa, ya bi ni.